Hakkin Mai Tsaron Ruwa

Karatu: Littafin Ƙidaya 20:1-21, Maimaitawar Shari'a 2:4-6, Ezekiyel 34:17-19, Yakubu 5:1-6



A yawancin gidajenmu, abin da ake fara nema da asuba, tun kafin iyali su taru domin addu'ar safe, shi ne ruwa. Uwargida za ta leƙa randa, yara su ɗauki bokiti su nufi rijiya ko famfon burtsatse, in kuwa a birni ne sai a tsaya bakin ƙofa ana sauraron mai garuwa da kurarsa ta jarkoki. Ba wanda yake gardama a kan biyan mai garuwa, gama da idonmu muke ganin gumin da ya jiƙa masa riga. Hukumar ruwa ma idan ta aiko da takardar kuɗi, za mu yi gunaguni, amma daga baya mu biya.

Akwai kuwa wani mutum da ba mu taɓa gani ba, wanda in ba dominsa ba da jarkar nan laka za ta ɗauko. Shi ne manomin can gindin tsauni wanda ya bar itatuwan bakin rafi a tsaye, alhali matarsa tana tafiya mai nisa neman itacen girki. Shi ne masuncin da ya ƙi zuba gamalin a tafki, ko da yake ya sani kifin da guba za ta ba shi a yini ɗaya ya fi wanda koma za ta ba shi a mako. Wa yake biyan wannan mutum? Akwai hakkinsa a wuyanmu, ko kuwa "sannu da ƙoƙari" ta wadatar?

Masana muhalli da na tattalin arziki sun daɗe suna juya wannan tambaya, har suka fito da wani tsari da za mu iya kira biyan ladan hidimar halitta. Ma'anarsa ita ce, wanda yake cin amfanin kogi ko fadama ko kurmin gaɓar teku ya ba da wani abu ga wanda yake kiyaye su, bisa yarjejeniya, muddin yana kiyayewar. Ina so mu auna wannan tsari da ma'aunin Maganar Allah, mu ga inda ya dace da ita da kuma inda ya kamata mai bi ya yi hattara.

RUWA BIYU A SURA ƊAYA

Sura ta 20 ta Littafin Ƙidaya tana ɗauke da labarin ruwa iri biyu. A farkonta, jama'ar Isra'ila suna Kadesh cikin jejin Zin, Maryamu ta rasu, ruwa kuma ya yanke. Jama'a suka tasam ma Musa da Haruna da gunaguni. Allah ya umarci Musa ya yi wa dutse magana, amma Musa cikin ɓacin rai ya buge shi sau biyu da sanda, abin da ya jawo masa hukuncin rashin shiga ƙasar alkawari. Duk da haka ruwa ya ɓulɓulo, mutane da dabbobi suka sha suka ƙoshi. Ba wanda ya biya ko anini.

Ayoyi kaɗan bayan wannan, sai ga Musa yana aika manzanni wurin sarkin Edom domin neman iznin wucewa. Ya tuna masa da zumuncin da ke tsakaninsu, gama Edomawa zuriyar Isuwa ne, ɗan'uwan Yakubu. Ya yi alkawari cewa ba za su ratsa gonar kowa ba, ba kuma za su taɓa ruwan rijiyoyinsu ba. Da sarkin ya ƙi, sai Isra'ilawa suka sake miƙa wani tayi, cewa in har su ko dabbobinsu suka sha ruwan Edom, za su biya kuɗinsa. Edom bai yarda ba, ya fito da mayaƙa, Isra'ila kuwa suka kauce ba tare da yaƙi ba. A Maimaitawar Shari'a sura ta 2 mun ga cewa Allah da kansa ya umarce su su sayi abinci da ruwa da kuɗi a hannun zuriyar Isuwa, domin shi ne ya ba Isuwa ƙasar Seyir ta zama gādonsa.

Mu tsaya mu yi tunani a nan. Mutanen da ba su daɗe da shan ruwa kyauta daga dutse ba, su ne suke cewa za su biya ruwan rijiya. Suna da hujjar da za su iya kafawa, su ce ai ruwa na Allah ne, mu kuwa jama'arsa ne, kuma mun fi ku yawa. Ba su faɗi haka ba, Allah ma bai ba su wannan dama ba. Rijiyar Edom wani ne ya haƙa ta, wani ne yake yashe ta, wani ne yake rufe bakinta domin kada yashi ya binne ta, kuma garken Isra'ila zai iya shanye a yini ɗaya abin da wani gida yake tattali domin ya kai shi ƙarshen rani. Ruwan kyautar Allah ne, amma wahalar kiyaye shi ta mutum ce, kuma Allah bai yarda a ci wahalar mutum a share baki ba.

NA SAMA DA NA ƘASA

Kogi yana ɗaure mutanen da ba su san juna ba. Idan ruwan sama ya sauka a kan gangaren da ke da itatuwa da ciyawa, ganye yakan rage ƙarfin dukansa, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali, sa'an nan ya riƙa fitowa ta idon ruwa har cikin rani. Idan aka sare itatuwan aka nome gangaren har bakin rafi, ruwan yakan gangaro da gudu a lokaci ɗaya, ya kwashe ƙasar noma, ya yi ambaliya da damina, da rani kuma rafi ya ƙafe. Lakar da ya kwaso ita ce take cika madatsun ruwa, ita ce kuma take sa hukumar ruwa ta ƙara kashe kuɗi wajen sayen alam da sauran magungunan tacewa. Fadama kuwa kamar soso take: tana shanye ambaliya, tana tace dauɗa, tana ciyar da rijiyoyin da ke kewaye, a cikinta kuma kifi yake ƙyanƙyasa.

Duk wannan hidima halitta tana yin ta ba tare da ta aiko da takardar kuɗi ba, shi ya sa muke ɗauka ba ta da daraja. Amma ga inda rashin adalci yake shigowa: wanda yake sama shi yake ɗaukar hasarar barin gona ko itace, wanda yake ƙasa shi yake shan ruwa mai tsabta. Sau da yawa na saman talaka ne mai 'yar gona, na ƙasan kuwa birni ne mai masana'antu da manyan gidaje.

A Ezekiyel sura ta 34, bayan Allah ya tsauta wa makiyayan Isra'ila, sai ya juya kan tumakin da kansu. Ya tuhumi ƙarfafan cikinsu da cewa suna cin kiwo mai kyau su tattake saura, suna shan ruwa garau su dama abin da ya rage da ƙafafunsu, raunana kuwa su ci tattakakke su sha gurɓatacce. Wannan tuhuma tana da baki biyu a zamaninmu. Tana kan na sama da yake zubar da shara da maganin feshi cikin rafi ba tare da tunanin wanda zai sha a ƙasa ba. Tana kuma kan na ƙasa mai ƙarfi, wanda yake so talakan sama ya kiyaye masa ruwa da yunwar 'ya'yansa, shi kuwa bai ko san sunan ƙauyensu ba. Shari'ar Musa ta hana a sa wa sa takunkumi sa'ad da yake sussukar hatsi (Maimaitawar Shari'a 25:4), Manzo Bulus kuma ya nuna cewa wannan doka dominmu aka rubuta ta (1 Korantiyawa 9:9-10). Yakubu ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kai wa ga kunnen Ubangiji.

MISALI DAGA KOGIN TANA

Bari mu duba yadda wasu suka gwada sauke wannan hakki. Misalai biyun da zan kawo daga ƙasar Kenya suke, ɗaya na ruwan kogi, ɗaya na gaɓar teku.

Kogin Tana yana tasowa daga tsaunukan Abadiya da Dutsen Kenya. Daga yankinsa na sama birnin Nairobi yake samun kimanin kashi 95 cikin 100 na ruwan da yake sha, a kansa kuma aka gina manyan madatsun da ke ba ƙasar wutar lantarki. A gangarorin nan akwai ƙananan manoma kimanin 300,000, masu noman shayi da kofi da masara da kayan lambu. Da mutane suka ƙaru, noma ya hau gangare ya kuma sauka har bakin rafuka, sai laka ta riƙa cika madatsu tana toshe injunan tace ruwa, musamman da damina.

A shekarar 2015 aka kafa wani asusu mai suna Asusun Ruwa na Tana ta Sama da Nairobi, irinsa na farko a Afirka, da taimakon ƙungiyar The Nature Conservancy. Masu cin amfanin ruwan a ƙasa, irin su kamfanin ruwa na Nairobi, da kamfanin lantarki na KenGen, da wasu masana'antun abin sha, suka shiga zuba kuɗi. Lissafin da aka yi kafin a fara ya nuna cewa dala miliyan 10 da za a kashe cikin shekara 10 za ta jawo amfanin dala miliyan 21.5 cikin shekara 30. Galibi ba tsabar kuɗi ake danƙa wa manomi ba. Ana ba shi dashen itatuwa, har da na marmari kamar fiya, ana taimaka masa ya yi matakalar tare ƙasa a gangare, ya dasa layin ciyawar kiwo da zai riƙe ƙasa ya kuma ciyar da saniyarsa, ya haƙa ramin tara ruwan sama domin kada ya dogara ga rafi da rani. Shi kuma sai ya janye nomansa daga bakin ruwa. A shekarar 2021 asusun ya zama cibiya mai zaman kanta a ƙarƙashin amintattu 'yan ƙasar.

Mutanen birni a nan ba sadaka suke bayarwa ba. Sun gane ne cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma taimakon manomi a bisa tsauni ya fi kwashe laka a madatsa sauƙi.

MISALI DAGA GAƁAR GAZI

A kudu da birnin Mombasa, cikin gundumar Kwale, akwai wani lungun teku da ake kira Gazi. A can akwai irin itatuwan nan da ke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri, inda kogi yake saduwa da teku, waɗanda ake kira mangurob, da harshen Suwahili kuwa mikoko. Saiwoyinsu a waje suke kamar ƙafafu, a tsakaninsu ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke girma kafin su fita teku. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa, suna hana teku cinye gaɓa. Taɓon da ke ƙarƙashinsu kuma yana adana kabon, wato sinadarin da idan ya fita cikin iska yake ƙara ɗumamar duniya, kuma abin da kadada ɗaya ta wannan kurmi take adanawa ya ninka na dajin tudu sau da dama.

Mutanen ƙauyukan Gazi da Makongeni masunta ne, kuma da itacen mikoko suke gini, da shi suke girki. Sara ya yi yawa, kurmi ya ragu, kifi ya ja baya. A shekarar 2013 suka soma wani shiri mai suna Mikoko Pamoja, wato "mikoko tare", da goyon bayan cibiyar binciken teku da kamun kifi ta Kenya da wasu masana daga Sikotilan. Suka keɓe kadada 117 da ba za a sara ba, suna kuma dasa sababbi a wuraren da suka lalace. Ana auna itatuwan a kai a kai, a lissafa kabon ɗin da aka hana fita, kimanin tan 3,000 a shekara, sai mutane da ƙungiyoyi daga wasu ƙasashe su biya kuɗinsa. Jama'ar ƙauyen ne suke zama a taro su yanke abin da za a yi da kuɗin, kuma sun sa su a samar da ruwan sha, da littattafan 'yan makaranta, da gyaran azuzuwa. Domin kada a hana mutum itace a bar shi hannu rabbana, an dasa wasu itatuwa masu saurin girma a tudu domin gini da girki. A shekarar 2017 shirin ya sami lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2019 kuma aka buɗe irinsa a Vanga, kusa da iyakar Tanzaniya.

Kuɗin da ke shigowa Gazi ba masu yawa ba ne. Abin koyi a ciki shi ne, an ga aikin kafin a biya, an biya jama'a a fili, kuma an yi wa wanda aka hana sara tanadin madadi.

SHIN BA SAYAR DA HALITTAR ALLAH BA NE?

Na san wani mai karatu zai ce, ashe Zabura ta 24 ba ta koya mana cewa duniya da abin da ke cikinta mallakar Ubangiji ne ba? Ashe Ishaya sura ta 55 ba ta kira masu ƙishi su zo ko ba su da kuɗi ba? Ashe Bitrus bai la'anci kuɗin Siman mai sihiri ba, sa'ad da ya so ya sayi baiwar Allah (Ayyukan Manzanni 8:18-20)? Yaya za a sa wa kogi farashi?

Wannan tambaya mai nauyi ce, kuma tana da gaskiya a cikinta. Kogi ba shi da farashi. Littafin Firistoci 25:23 ya hana a sayar da ƙasa har abada, domin ta Allah ce, mu kuwa baƙi ne a kanta. Duk ranar da mai kuɗi ya ɗauka cewa ya sayi kogi, har yana da ikon hana matalauci sha, to, mun faɗa cikin baƙin cikin da Makoki 5:4 yake kuka a kai, inda jama'a suke sayen ruwansu da itacensu a ƙasarsu. Amma abin da Isra'ila suka yi tayin biya a Edom, da abin da ake biya a Tana da Gazi, ladan tsaro ne da diyyar hasara. Idan ka ɗauki mai gadi, albashin da kake ba shi ba kuɗin gidan ba ne, ladan daren da ya kwana ido biyu ne. Allah ya sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15), wato tun fil azal kiyayewa aiki ce kamar noma. Mun saba biyan mai noma, mun manta da mai kiyayewa.

Duk da haka, akwai ramuka huɗu da ya kamata mu sani, gama inda kuɗi ya shiga, jaraba tana biye.

Na fari shi ne ramin Ahab. Sarki Ahab ya yi wa Nabot tayin kuɗi ko musanya a kan garkar inabinsa, Nabot ya ƙi domin gādon kakanninsa ne, ƙarshenta aka kashe shi aka ƙwace (1 Sarakuna 21). Sa'ad da kurmi ko fadama suka soma kawo kuɗi, masu ƙarfi sukan waiwayo su, a kori waɗanda suka zauna a wurin tun kaka da kakanni da sunan kiyaye muhalli. Shirin da bai nemi yardar masu wuri ba, ko da an kira shi da suna mai daɗi, ƙwace ne.

Na biyu, kada mai biya ya mai da kuɗinsa lasisin ɓarna. Kamfanin da yake biyan masuntan Gazi su dasa itace, shi kuwa yana ƙara hayaƙinsa kowace shekara, ya yi kama da mutumin da yake kawo baiko ranar Lahadi domin ya ci gaba da zalunci ranar Litinin. Sama'ila ya faɗa wa Saul cewa biyayya ta fi hadaya.

Na uku yana kan mai karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi dashe ko kuɗi a kan zai bar bakin rafi, sa'an nan ya koma da dare yana sara, ɓarawo ne, haka ma shugaban da kuɗin jama'a ya maƙale a aljihunsa. Hananiya da Safiratu ba domin ƙarancin abin da suka kawo aka hukunta su ba, domin ƙarya ne.

Na huɗu, kada mu koya wa 'ya'yanmu cewa ba a yin abin kirki sai an biya. Mai bi ba ya zuba guba a ruwa ko da ba wanda zai ba shi kobo, gama ya san Wanda zai ba da lissafi a gabansa. Lada yana sauƙaƙa wa talaka yin abin da ke daidai, amma tushen yin daidai tsoron Allah ne.

MU DAWO GIDA

Wannan magana ba ta Kenya kaɗai ba ce. Tsaunukan Filato uwar koguna ce: daga nan kogin Kaduna yake tasowa, da Gongola, da Jama'are. Ruwan Dilimi da ke ratsa birnin Jos, wanda da yawa daga cikinmu muke zuba wa shara, yana gangarawa ya shiga Jama'are, Jama'are ya haɗu da kogin Haɗeja a cikin fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan su zama kogin Yobe da ke nufar Tafkin Chadi. Bandar kifin da muke saya a kasuwa, da shinkafa da barkono da ke fitowa daga wannan yanki, duk 'ya'yan ruwan nan ne.

Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, ambaliyar da fadamun suke rayuwa a kanta ta ragu, yanayin gudun ruwa ya sāke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwa idan ya isa fadama, ta wajen noma da kifi da itace, ya fi wanda ake samu daga daidai wannan ruwa a babban aikin noman rani na sama, nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2006 kuma jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka amince a Damaturu su kafa asusun amana domin kula da wannan kwari. Asusun bai yi daidai da na Tana ba, amma ya tsaya a kan gaskiya ɗaya, cewa masu shan kogi ɗaya nauyinsu ɗaya ne. A nan mu ne na sama, waɗanda ke ƙasa kuwa yawancinsu ba 'yan ikkilisiyarmu ba ne, ba kuma yarenmu ɗaya ba. Edomawa ma ba masu bin shari'ar Musa ba ne, amma Allah ya kira su 'yan'uwan Isra'ila.

Ta fuskar teku kuwa mu ne masu ci. Nijeriya ce take da kurmin mangurob mafi girma a Afirka, yawancinsa a yankin Neja Dalta. Jatan landen da iyayenmu mata suke daka wa miya, a cikin irin saiwoyin nan yake girma. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar da malalar mai ta yi zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Dukanmu mun ci arzikin man nan, masuntan can ne suka sha ɗacinsa.

To, me iyali da ikkilisiya za su yi? Mu fara da sanin inda ruwanmu yake fitowa. Uba ya ɗauki 'ya'yansa wata Asabar su bi rafin garinsu zuwa sama, su ga wanda yake noma a bakinsa da abin da ake zubawa a ciki. Mai lambu ya bar tazara tsakanin kunyarsa da ruwa, ya daina wanke tulun feshi a rafi. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya renon dashe su raba wa masu gonakin bakin ruwa, ko su waye su. Idan ikkilisiya tana da makaranta ko asibiti da ke shan ruwan wani idon ruwa, dattawa su je su zauna da mai gonar da ke kewaye da shi, a yi yarjejeniya a rubuce a gaban mai unguwa: shi ya bar itatuwa, ikkilisiya kuma ta ɗauki wani nauyi nasa, ko taki, ko dashe, ko kuɗin makarantar ɗansa, a kuma riƙa karanta lissafin a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na baiko. Waɗanda Allah ya ɗora a kan kujerun hukumar ruwa ko majalisa su yi magana, domin wani kaso na kuɗin ruwa ya riƙa komawa inda ruwan yake fitowa. Mai bin da yake satar ruwan famfo ko yake ƙin biya alhali yana da hali, shi ma ya binciki zuciyarsa.

KAMMALAWA

Mu koma wurin dutsen nan na Kadesh. Mun ce Isra'ila sun sha ruwansa ba su biya ba. Amma Manzo Bulus ya bayyana mana cewa dutsen da suka sha daga gare shi Almasihu ne (1 Korantiyawa 10:4). Shi ne ya zauna a bakin rijiyar Yakubu a gajiye ya roƙi matar Samariya ruwa, shi ne ya ji ƙishi a kan gicciye, shi ne aka soke da māshi. Ruwan rai ya zo mana kyauta domin wani ya biya shi da ransa. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara ɗauka cewa abin da ya same shi kyauta bai ci wa kowa kome ba. Gobe da safe, sa'ad da ka ɗaga moɗa za ka sha, ka gode wa Allah da ya ba da ruwan, ka kuma tambayi kanka ko akwai wani ɗan'uwa a bisa tsauni ko a bakin teku wanda hakkinsa yake hannunka.

Addu'a: Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin koguna da tekuna, mun gode maka domin ruwan da kake shayar da mu da dabbobinmu da gonakinmu. Ka gafarta mana inda muka sha muka dama wa na bayanmu, da inda muka ci wahalar wani muka yi shiru. Ka ba shugabanninmu zuciyar adalci, ka ba masu kiyaye ruwa aminci da haƙuri, ka koya wa 'ya'yanmu riƙon amanar abin da ka damƙa mana. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kiristi Ubangijinmu. Amin.